Fondu a Kaskon Inna

Amarawa,
Ƙaramar Hukumar Illela,
Jihar Sakkwato.
Daren Litinin, tsakiyar hunturu.

Aminiyata ta kaina,

Ya sanyi, ya baƙunta? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Inna tana gaishe ki da kyau, ta ce a tambaye ki ko har yanzu ƙanƙara na zuba a Janeba, ta kuma ce wai ki riƙa shafa wa yara man kaɗanya a ƙafa kafin su kwanta.

Sau uku ina ɗaukar waya zan yi miki saƙon murya, dariya na hana ni, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta kamar zamanin da muke kwaleji a Sakkwato. Ke kika ja mini wannan aiki. Kin tuna hoton da kika turo watan jiya, tukunya ja a tsakiyar tebur da 'yar wuta a ƙarƙashinta, kowa riƙe da dogon cokali mai yatsu yana tsoma burodi a narkakken cuku? A ƙasan hoton kika rubuta, "Sunansa fondu, ki gwada da nonon awakinki." Na san da wasa kika faɗa. Kin manta halina ne. Sati uku ke nan gidan nan ba shi da zance sai na fondu, har yaran maƙwabta in sun gan ni sai su ce, "Malama, yau ma za a narka?"

Da yake koyarwa ta riga ta ɓata ni, ban taɓa tukunya ba sai da na bi asalin abin. Kalmar ta Faransanci ce, ma'anarta narkakke, shi ke nan, ba wani sirri. An sami bayanin dafa cuku da giya a wani littafin girki na birnin Zurik tun 1699, amma abin da ya ba ni dariya shi ne bai zama abincin ƙasa ba sai da ƙungiyar masu cuku ta Suwizalan ta tashi tsaye tana tallarsa daga shekarun 1930, don cuku ya yi musu yawa suna neman masu ci. Kamar dai a ce manoman albasar Galmi su haɗa kai su ce daga yau miyar albasa ce abincin Hausawa na gado, bayan shekara 50 kowa ya rantse haka ya taras. Na kuma ga abin da kika yi ƙorafi a kai, cewa da farar giya suke narka shi. Amma a yankin Firibur akwai irin da ruwa zalla suke sawa, da wani cuku mai laushi da suke kira Vacherin, har da dankalin Turawa suke ci. Ki neme shi in ba ki riga kin sani ba. Ni shi ya ba ni ƙarfin gwiwa, na ce tunda ruwa na yi, ai mu ma muna da ruwa.

Na fara da lissafi, lissafin ya kusa sa in fasa. Dunƙule ɗaya na cukun Gruyère yana kai kilo 35, kuma madara wajen lita 400 yake ci, sannan a ajiye shi aƙalla wata 5 kafin a ce ya nuna. A fondu kuwa kowane mutum gram 200 ake auna masa. Mu goma ne a gidan nan in an haɗa da Inna da almajirinmu, kilo 2 ke nan, madara sama da lita 20. Na leƙa garke na dubi jajayen awakina uku, su ma suka dube ni. In an bar wa 'ya'yansu nasu, abin da nake tatsa a wuni gaba ɗaya bai cika lita ɗaya ba. Jar akuyarmu ba don nono ta yi suna ba. Haihuwa ce da ita, tagwaye a kai a kai, sai kuma fata. Fatarta ce fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita, Turawa na saye a hannun Larabawan Maroko suna yi wa littattafai bango, suna kiranta fatar Maroko, alhali daga ƙasar Sakkwato da Kano ta fito. Mutanen Maraɗi suna cewa tasu ce, mu muna cewa tamu ce, ita kuwa ba ruwanta, ta ci dusa ta kwanta. To, na gane nonon gida ba zai kai ba, sai dai ya zama ruwan haɗi. Cuku sai an saya.

Ranar Lahadi na shiga kasuwar Illela. Ba ki ga yadda ta koma ba tun da aka sake buɗe boda a watan Maris na 2024. Wata bakwai da aka yi a rufe bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 mun ji jiki, fiye ma da rufewar 2019, don wannan karon daga ɓangare biyu aka toshe. Ke kin san mu da Ƙonni, 'yan mintoci ne a babur, kuma babu gidan da ba shi da suruki ko kawu a can. Yanzu alhamdu lillahi, raƙuma da shanu da manyan raguna sun dawo kara, ana ciniki da naira da sefa a baki ɗaya. Na wuce 'yan albasa da 'yan dabino, na sami wata Buzuwa zaune da cukunta jere a cikin kwando, falle-falle, kowanne da zanen tabarmar karan da aka shanya shi a kai. Na ce na akuya nake so. Ta ware mini, ta ce daga wajen Abalak aka sauko da shi. Na saniya ya ɗan yi ɗorawa-ɗorawa, na akuya fari ne tas. Nan malamar kimiyya ta motsa, na kusa fara yi mata bayanin cewa akuya tana juya launin da ke cikin ciyawa ya koma bitamin A, saniya kuwa tana barin wani a cikin mai, sai na tuna ciniki na zo yi.

Na tambaye ta yadda suke yi. Ta ce madarar da aka tatso yanzu, da ɗuminta, ake ɗiga wa ruwan da aka jiƙa tumbin ɗan akuya mai shan nono a ciki. Kafin ka ankara ta kama. Sai a kwasa da ludayi a shimfiɗa a kan 'yar tabarma, ruwan ya tsiyaye, a shanya, rana da iska su ƙarasa. Da na ce mata narka shi zan yi a wuta, sai ta sauke mayafi daga bakinta ta dube ni sosai, ta ce, "Narkewa? Don me?" Na rasa amsa. Na biya kuɗin falle 20 na taho.

Gwajin farko ba sai na tsawaita ba. Na kakkarya cuku na zuba a tukunya da ruwa na ɗora a wuta. Ya yi laushi kamar zai yarda, sai ya tattare ya zama dunƙule guda, ruwa gefe, shi gefe. Na ja shi da muciya, ya ja ni. Autana ya gutsura ya tauna ya tauna, ya ce, "Mama, silifas ne?" Inna na zaune a kan tabarmarta tana jan carbi, ba ta ce uffan ba sai da na sauke, sannan ta ce, "Ke ɗiyata, cuku ba shi narkewa. Tun ina ƙarama nika ganin shi, ban taɓa jin wanda yan narke shi ba."

Na biyu na ce bari in yi nawa cukun. Na tara nonon kwana uku, kullum ina tafasa na ranar in ajiye a firjin maƙwabciyarmu mai sola. Tafasawar nan ba na wasa da ita, don cutar bakkale da ke sa dabba ɓari tana bin ɗanyen nono ta kama mutum, zazzaɓi ya yi ta tafiya yana dawowa ana shan maganin maleriya a banza. A tsibirin Malta aka gano a 1905 cewa nonon akuya ne ke kai ta ga sojojin Ingila. To, na ɗumama nonon, na matsa lemon tsami, ya tsinke, na tace a farin ƙyalle na rataye. Abin da ya fito ya yi kyau, fari, mai laushi, da gishiri kaɗan a kan burodi sai ki lashe hannu. Amma da ya ji wuta sai ya wargaje ya zama tsaki-tsaki, mai na yawo a sama. Na tuna waran Fulanin Ilori da ake kamawa da ruwan tumfafiya, wanda ake jefawa a tafasasshen mai ya fito da siffarsa, ko gezau. Ashe duk danginsu ɗaya wajen taurin kai.

Daren nan na kwanta ina juyi, maigidana Malam ya ce, "Wai ke, cukun nan bashi kika ci masa?" Ni kuwa tambayar Buzuwar nan ce ta hana ni barci. Don me? Sai can na ga ita ke da gaskiya. Mutumin da zai tashi daga Azawak ko Abzin da raƙumi, kwana da kwanaki a rana, me zai yi da cukun da ke narkewa? Ai tun ranar farko jakarsa za ta zama kunu. Shi ya nemi abin da zafi ba ya kaɗa shi, ya matse ruwan, ya shanya har ya yi ƙaras, ya ajiye wata da watanni. In ya sauka ya ci da shayi, ko a daka shi da gero da dabino a dama. Mutanenku kuma da sanyi suke faɗa, suka yi cukun da zai kwana a ɗaki mai sanyi yana nuna a hankali da danshinsa, in ƙanƙara ta rufe hanya a narka shi a ci da busasshen burodi. Kowa maganin garinsu ya yi. Ni ce na zo ina roƙon cuku ya yi abin da shekaru aru-aru ana horar da shi kada ya yi.

Amma kin san ni da naci. Da safe ina wanke tukunya ina ƙunƙuni, Inna ta ce, "Sa mishi kanwa mana. Abin da duk yaƙ ƙi dahuwa, kanwa aka ba shi." Na yi dariya, na ce Inna ai ba wake ba ne. Da ta shiga ɗaki na saci jiki na gwada da falle biyu. Wallahi ya saki! Sai dai ya yi wani launi kamar ruwan kwata, ɗanɗanon kuwa sabulu sak. Na zauna a bakin murhu da ludayi a hannu, sai karatun aji biyu ya dawo mini.

Bari in yi miki darasi kaɗan, ki yi haƙuri, ɗalibaina ma haƙuri suke yi. Furotin ɗin da ke cikin cuku kamar zana yake, kalsiyam ne igiyar da ta ɗaure karan. In an ɗora a wuta igiyar na nan, sai zanan ya ƙanƙance ya matse mai da ruwa waje, silifas ɗin autana ke nan. Giyar da mutanenku ke zubawa ba don ɗanɗano kaɗai ba ne, tsamin inabin da ke cikinta yana kama kalsiyam ya sassauta igiyar. A 1911 wasu mutum biyu a garin Thun na nan ƙasar da kike, Walter Gerber da Fritz Stettler, suka gano cewa wani gishiri, sodiyam sitiret, yana kwance igiyar gaba ɗaya, cuku ya narke sumul ya haɗe da ruwa. Daga irin wannan dabara aka sami cukun nan mai kusurwa uku, La Vache qui rit, mai hoton jar saniya tana dariya, wanda ake sayarwa a shagunan Ƙonni. To, ta yaya ake samun wannan gishiri? Tsamin lemo a haɗa shi da soda. Mece ce kanwa in ba soda ba? Aminiya, na miƙe tsaye ban sani ba. Abin da Turawa suka yi wa rajista a masana'anta, rabinsa na cikin gwangwanin Inna, rabinsa na kan bishiyar bayan ɗaki. Ba banza aka ce kanwa uwar gami ba.

Ga yadda na yi, ki ajiye ko wata rana za ki yi wa maƙwabtanki burga.

Da hantsi na daka falle 12 a turmi har suka zama gari, na tankaɗe da rariya, tsakin na mayar na sake dakawa. Kada ki yi ƙyuya a nan, don duk tsakin da ya tsira za ki gamu da shi a baki. Na zuba garin a kwano na kwarara masa tafasasshen nonon akuya da ya huce ya rage ɗumi, kamar kofin shayi uku, na rufe da faifai na ajiye a inuwa. Shekara bai sha ruwa ba, sai a bar shi ya sha a natse. Kafin la'asar ya kumbura ya yi kamar ƙullun ƙosai.

Na jiƙa kanwa 'yar ƙarama, kamar ƙwayar dabino, na bari ta kwanta, na tsiyaye ruwan sama na bar yashin. Na matse lemon tsami 5 a kofi, na riƙa ɗiga ruwan kanwar a ciki. Zai yi kumfa yana shuu, yara suka taru suna cewa Mama na tsafi. Ki ɗiga, ki jira, ki ɗanɗana. Inda ake tsayawa shi ne lokacin da kumfar ta kusa mutuwa amma harshe na jin sauran tsami kaɗan. In kika wuce nan kin koma sabulu, in kika tsaya da wuri nonon zai tsinke. Ba ni da ma'auni a nan sai harshe, don kanwa ba ƙarfinta ɗaya ba, ta wannan mai talla daban, ta wancan daban.

Tukunya kuma, na ga taku ta ƙasa ce mai kauri, don haka na roƙi Inna kaskonta, wanda ba ta bari kowa ya taɓa. Ta ba ni tana cewa in ya fashe in nemi inda zan kwana. Na raba tafarnuwa biyu na goge cikinsa, na ɗora a kurfoti, garwashi kaɗan wanda toka ta fara rufewa. Na sa man shanu cokali biyu, don cukunmu ba shi da maiƙo kamar nasu. Na zuba ruwan lemon nan da rabin kofin ruwa, da ya yi zafi na fara sa jiƙaƙƙen cuku ludayi-ludayi, ina juyawa da muciya, ba na ƙara wani sai na farko ya ɓace. Su suna sa garin sitaci don kada mai ya rabu. Ni na ɗebo gasarar kokon safe cokali ɗaya na dama na zuba, ta yi aikin. Wutar ita ce duka. Ko sau ɗaya kada ya tafasa. In kin ga ya fara ɓulɓul a gefe ki janye garwashi.

Na kai minti 20 ina juyi, hannuna ya gaji, hayaƙi ya sa ni hawaye, har na fara tunanin me zan ce wa Malam game da kuɗin cuku. Sai na ji muciya ta yi nauyi ta wata irin hanya. Na ɗaga, abin ya biyo ta ya zubo a hankali kamar zuma, fari, yana sheƙi. Ba ya yin dogon zare irin na hotonki, ba zan yi miki ƙarya ba, kuma in kin murza a harshe akwai ɗan gari-gari can ƙasa. Amma ya narke. Na barbaɗa masoro da ɗan dakakken yaji, gishiri kaɗan. Na ƙwala wa Inna kira. Ta zo ta leƙa, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Wanga abu kunu na ko miya ta?"

Na aiki almajirinmu tun da rana ya samo dogon burodin nan na Ƙonni irin na Faransawa, mai ɓawo. Shi ya fi dacewa, kuma wanda ya kwana ya fi, don namu mai zaƙi na leda yana shan ruwa ya faɗa ciki. Na dafa dankali na yanka, da 'yan ƙananan tumatir na fadamar Kalmalo. Cokula masu yatsu kuwa, mai tsiren bakin titi ya ba mu tsinke 15 sababbi, yana tambaya ko gasa za mu buɗe masa.

Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan magariba, iskar hunturu na kaɗawa, kowa ya lulluɓe, kurfoti a tsakiya. Na faɗa musu dokar da kika ce ana yi a can, wanda burodinsa ya faɗa ciki sai ya biya tara. Tunda ba mu da abin da suke biya da shi, na ce shi zai wanke kasko. Cikin minti biyar mutum huɗu sun ci tara, ana ta musu a kan wa ya fara. Babbar 'yata ta ce yana warin bunsuru. Ba ta yi ƙarya ba, akwai ɗan wannan, nonon akuya ba ya ɓoye asalinsa, har sinadaran da ke ba shi wannan ƙamshi sunan akuya suka ci a harshen Latin. Ta faɗi haka kuma ita ta fi kowa tsomawa. Inna ta ƙi tsinke, ta ce ba ta tsufa don ta ci abinci da kibiya ba. Ta sa a zuba mata a 'yar ƙwarya, ta gutsuttsura burodi a ciki, ta cinye, ta miƙo ƙwaryar ba tare da ta ce komai ba. Na ƙara mata.

Yanzu ga inda abin ya ba ni tunani. Kamar kullum, na ɗebi na Malam a kwanonsa na rufe na ajiye, yana masallaci, daga can kuma ya tsaya hira a majalisa. Bayan isha'i ya shigo, na kai masa. Ya buɗe, ya sa cokali, cokali ya tsaya. Ya kifa kwanon, abin ya faɗo guda da siffar kwano. Ya dube ni ya ce, "Wannan ne sati uku?" Kunya ta kama ni, yara na leƙe suna ƙyalƙyala dariya. Sai na lura duk abincinmu mai jira ne. Tuwo na jira a malmala, fura na jira a ƙwarya, dambu na jira, ɗumame ma har gobe yake jira ya ƙara daɗi. An gina girkinmu a kan cewa maigida zai ci nasa daban, baƙo na iya sallama a kowane lokaci, wani na gona, wani na kasuwa. Wannan kuwa ba ya jiran kowa, ko Sarkin Musulmi ne. Cin abinci a kwano ɗaya da mutanenku ke ɗauka abin biki ba baƙonmu ba ne, kullum haka yara ke ci. Baƙon abu shi ne a ce kowa da kowa, babba da yaro, namiji da mace, sai ya zo bakin wuta a lokaci guda in yana so ya samu.

Jiya Lahadi na sake sayo cuku na sake yi, na ce wa Malam in yana so ya ɗanɗana na gaskiya to ya shigo da an sallame magariba. Ban zaci zai zo ba. Sai ga shi, ya yi gyaran murya, ya tsaya daga nesa hannu a baya kamar mai duba aikin gini. Autana ya miƙa masa tsinke. Ya duba hagu ya duba dama, ya tattare riga ya zauna a gefen tabarma, nesa kaɗan da Inna. Rabon da in ga ya ci abinci wuri ɗaya da 'ya'yansa mata, ina jin tun suna rarrafe. Yaran suka yi tsit, kowa ya sunkuyar da kai, har sai da burodinsa ya suɓuce ya nutse. Wallahi ba wanda ya yi numfashi. Sai Inna ta ce, "To, Malam, doka ta hau kanka." Gidan ya fashe da dariya har maƙwabta suka aiko ko lafiya. Bai wanke kaskon ba, kin sani, ya ba almajiri naira 200 ya fanshi kansa. Amma da safen nan da zai fita ya ce wai ranar Laraba yana da shiga kasuwar Ƙonni, ko akwai abin da zai riƙo mini. Na ce burodi. Ya ce, "Da cuku?" Na ce da cuku.

Na manta ban gaya miki ƙanzo ba. Na karanta cewa ɓawon da ke kamawa a gindin tukunya mutanenku suna ji da shi, har suna da suna da suke kiransa, wai "sista", irin matan cocin nan masu lulluɓi. Mu dai ƙanzo muka sani, kuma ba sai an koya wa ɗan Bahaushe darajarsa ba. Na kankare shi da wuƙa ya fito faifai guda, ja, yana ƙamshi kamar cukun da aka gasa. A nan ne aka yi faɗa na gaske, har sai da Inna ta karɓe ta raba da kanta, ta kuma ware wa kanta kaso mafi girma a matsayin ladan kasko.

Na so in aiko miki da cuku ta hannun ƙanin maigidanki da na ji zai zo wajenku bayan salla, har na ware falle goma masu kyau. Sai aka ce mini ba a barin matafiyi daga ƙasashenmu ya shiga da nama ko kayan nono, a filin jirgi ake karɓewa. Na fasa, kada a zubar mini da dukiya a kwandon shara. Zan ba shi kanwa da yaji da kuka da daddawa, in sun bari. Ke kuma in za ki zo hutun damina, ki riƙo mini Gruyère ɗin nan ko rabin kilo ne, ki naɗe shi da kyau a tsakiyar kaya. So nake in ɗora shi a kaskon Inna gefe da gefe da na Abalak in ga iyakar gaskiyar kowa. Ki haɗo da cokulan nan masu dogon hannu guda shida, don mai tsire ya fara tsuke fuska.

Jar akuyar nan mai farin goshi da kika sani tana da ciki, ina jin wata mai zuwa za ta haihu. In ta yi mace na ba 'yar wajenki, ta zo ta gani da idonta. A makaranta muna tsakiyar jarrabawar gwaji, takardu 80 na jirana a kan tebur ban duba ko ɗaya ba, fitilar kuma ta fara ja.

Ki gaishe da maigidan, ki shafa mini kan yara. Inna ta ce a sake tuna miki man kaɗanya.

Taki har kullum,
Ƙawarki ta Amarawa.